Mista Bin, Blackadder ko fina-finan: wanne zaka fara saukewa a aikin Curtis da Atkinson?

Ɗan yayata ne ya jawo wannan rubutun. Shi da wani abokinsa sun shiga harkar gajerun bidiyon barkwanci, abokin ke rubutawa shi kuma ya fito gaban kamara, toh ran nan bayan isha'i ya same ni a tsakar gida yace min "Kawu dan Allah ina so in zauna in kalli aikin Mista Bin tun daga tushe ko zan ƙaru, amma datata ba yawa, fim ɗin zan sauke ko na talabijin ɗin?" Nace masa samu wuri ka zauna tukuna, dan abin da kake kira aikin Mista Bin ba na mutum ɗaya bane, kuma ba kala ɗaya bane. Sai da muka kai wajen sha ɗaya muna magana, shine naga gara in rubuta ko wani ma zai amfana, musamman iyaye masu neman abin da za su kunna wa yara da kuma masu son koyon rubuta barkwanci.

Mutum biyu ne ginshiƙin abin. Akwai Rowan Atkinson wanda kowa ya san fuskarsa, an haife shi a 1955 a arewacin Ingila, injiniyan lantarki ya karanta a jami'ar Newcastle sannan ya wuce Oxford digiri na biyu. Sai Richard Curtis wanda da yawanmu ko a hanya muka haɗu da shi ba za mu gane shi ba, shi a Niyu Zilan aka haife shi a 1956, adabin Turanci ya karanta a Oxford ɗin, can suka haɗu wajen wasan kwaikwayon ɗalibai a tsakiyar shekarun 1970. Atkinson yana da in'ina kuma ba mai yawan surutu bane, amma in ya hau dandali fuskarsa da gaɓoɓinsa kamar roba, shi kuwa Curtis alƙalami Allah ya ba shi. Da farko har Curtis ɗin yana hawa dandali tare da shi a matsayin wanda ake yin barkwancin a kansa, yana tsaye ba wanda ke kallonsa kowa ido na kan Atkinson. Sun yi shirin rediyo tare a BBC a 1979, a shekarar kuma aka fara Not the Nine O'Clock News, shirin da ya fito da Atkinson duniya ta san shi, Curtis na cikin masu rubuta shi har zuwa 1982. Daga nan ne aikinsu ya kasu gida uku, kuma a cikin ukun nan ne mai ƙaramar data zai zaɓa: Mr. Bean na talabijin, Blackadder, sai fina-finai.

Bara na fara da Mr. Bean na talabijin tunda shi aka fi sani a wajenmu. Ranar 1 ga Janairu 1990 aka fara haska shi a tashar ITV, aka gama a 1995, kuma abin da ke ba mutane mamaki shine duka-duka kashi 15 ne, ɗaya ma a ciki tattaro tsofaffin wurare aka yi. Kowanne wajen minti 25, kenan awa shida da 'yan kai ka gama gaba ɗaya. Ni kaina da ina yaro na ɗauka sun kai ɗari saboda yadda ake ta maimaita su a kaset. Curtis da Atkinson ne suka ƙirƙiro shi, Robin Driscoll ya shigo ya zama na ukunsu a rubutu, kashin farko kuma da hannun Ben Elton a ciki. Kafin ma a kai shi talabijin, a 1987 Atkinson ya je bikin masu barkwanci a Montreal ta Kanada ya nemi a saka shi a ɓangaren masu jin Faransanci ba na masu Turanci ba, dan ya gwada ko mutumin nan mara magana zai ba wanda baya jin yarensa dariya. Ya bayar kuwa.

Ni na ga shaidar wannan a ɗakin Hajiyarmu. Ko "zo in kashe ka" bata ji da Turanci, kuma ba ta cika zama kallo ba, amma wata rana jikokinta sun kunna kashin da Mista Bin ya makara zuwa wajen likitan haƙori, ya fito da kayan barci ya faɗa motarsa 'yar ƙarama yana tuƙi yana canza kaya, ya ɗora bulo akan totur, ya riƙe sitiyari da ƙafa yana ƙoƙarin saka wando da safa, ya goge baki ya kuskure da ruwan wanke gilashin mota. Tana kan dadduma da carbi a hannu, tun tana satar kallo har ta juyo gaba ɗaya, can sai naji tace "wai wannan bawan Allahn ba shi da kowa ne da zai faɗa masa gaskiya?" tana faɗa tana share hawayen dariya da gefen mayafi. Ba wanda ya fassara mata komai. Wannan kashin, The Trouble with Mr. Bean na 1992, mutum sama da miliyan 18 ne suka kalle shi a Birtaniya.

Toh ga inda nake so masu koyo su buɗe ido. Mutane na ɗauka tunda ba magana to ba rubutu, kawai an kunna kamara ne mutumin ya dinga murguɗa baki. Wallahi ba haka bane. Ɗauki wurin jarabawar lissafi a kashin farko. Ya shigo da tarin biro da 'yan tsana da agogo ya jera akan tebur yana ji da kansa, ya faɗa wa na kusa da shi cewa shi tirigonometiri ya haddace, ya buɗe ambulan sai ga takardar kalkulas, nan ido ya raina fata. Duk sauran lokacin ya ƙare shi wajen neman hanyar satar amsa, kowace dabara ta fi ta baya wauta, sai saura minti biyu mai tsaron jarabawa ya sanar cewa masu kalkulas ga inda za su ajiye takardarsu masu tirigonometiri ma ga nasu wurin, sai a lokacin ya gane ashe takarda biyu ce a cikin ambulan ɗin tun farko. Kaga an dasa abin tun a minti na farko aka bar shi sai ƙarshe ya fashe. Wannan zama aka yi aka tsara shi daki-daki. Haka wurin da ya sayi kujerar falo ya ɗaure ta a saman mota, cikin motar ya cika da kaya, sai ya hau kujerar yana tuƙi daga sama da igiya da sandar goge ƙasa. Kullum tsarin ɗaya ne, 'yar ƙaramar matsala wadda kowa zai warware cikin sauƙi, shi kuma sai ya bi hanyar da ta fi kowacce nisa amma in ka duba tana da nata hankalin, irin hankalin yaro ɗan shekara tara.

Sai dai iyaye ku sani, ba duka bane tas. Akwai wurin wanka inda gajeren wandonsa ya suɓuce a ruwa ya fito ba komai a jikinsa, akwai kashin otal inda ƙofa ta rufe shi a waje tsirara yana ɓuya, akwai kuma wurin ajin zane a kashin da ya koma makaranta. Ba batsa ake nufi ba amma dai a gidan Bahaushe in surukai na zaune za a ji kunya, gara babba ya riƙe rimot ya san inda zai tsallake. Kuma Mista Bin na talabijin ba mutumin kirki bane fa, yana da son kai da mugunta irin ta yara, dubi yadda yake takura wa motar nan shuɗiya mai taya uku da yadda yake wulaƙanta budurwarsa Irma. Ni a ganina wannan muguntar ita ce gishirin abin, amma yaro ƙarami yana buƙatar a ce masa kar ka kwaikwayi wannan.

Blackadder kuma wata duniya ce daban, kuma ita ce mafi yawan mutanenmu basu sani ba. Nan Atkinson magana yake kamar ruwa, baƙar magana mai kaifi, in ka saba da Mista Bin sai ka rantse ba shi bane. Zango huɗu ne a BBC, kowanne kashi shida, jimla 24, kowane zango a wani zamani na tarihin Ingila kuma Blackadder ɗin da Atkinson ke fitowa a matsayinsa jikan jikan na zangon baya ne. Na farko 1983, na biyu 1986 a fadar Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, na uku 1987 inda yake babban hadimin wani yarima mara wayo wanda Hugh Laurie ya fito a matsayinsa, na huɗu 1989 a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya. In ka lura a hankali zuriyar ke saukowa, daga ɗan sarki zuwa bafade zuwa hadimi zuwa kyaftin ɗin soja, matsayi na raguwa wayo na ƙaruwa.

Labarin zangon farko shine abin da na fi jaddada wa ɗan yayata. Curtis da Atkinson su biyu suka rubuta shi, aka kashe kuɗi ba na wasa ba, dawakai da tarin jama'a da ɗaukar hoto a tsohuwar fadar Alnwick cikin sanyi, amma dariyar bata kai kuɗin ba, har BBC ta yi ta jan ƙafa kafin ta yarda a yi na biyu kuma da sharaɗin a rage kashe kuɗi sosai. Sai Atkinson ya ajiye biro ya tsaya a wasa kawai, Ben Elton ya shigo suka dinga rubutu da Curtis, aka koma cikin situdiyo ɗaki biyu uku gaban 'yan kallo, sannan aka juya halayen mutanen: a na farko Blackadder ne wawa matsoraci, baransa Baldrick ne mai wayo, a na biyu aka mayar da Blackadder mai wayo da kaifin baki, Baldrick wanda Tony Robinson ke fitowa ya koma ƙazamin sakarai da kullum yake cewa yana da wata dabara, dabarar kuma bata taɓa yin amfani ba. Daga nan shirin ya miƙe. Shi yasa duk wanda zai kalla nake ce masa ya tsallake zangon farko ya fara daga na biyu, in ya gama na huɗu sai ya dawo ya ga inda aka faro.

Na huɗun nan kuwa ni a wajena ya fi duk abin da mutanen nan suka taɓa yi. Shekarar 1917 ce, kyaftin ɗin ba abin da yake so illa ya tsira da ransa, janar ɗinsu wanda Stephen Fry ya fito yana can nesa da fagen daga a katafaren gida yana ba da umarnin a tura samari bakin bindigar Jamusawa. Kashi biyar kana ta dariyar dabarun gudu, a na shida har ya ɗora kamfai a ka ya cusa fensir biyu a hanci wai a ɗauka ya haukace a mayar da shi gida, bata ɓulle ba. Sai lokaci ya yi aka busa usur suka haura daga ramin su duka, hoton ya koma tafiya a hankali, hayaƙi ya rufe su, sai filin ya rikiɗe ya koma gonar jajayen furanni ba kowa sai kukan tsuntsaye. Ranar da na fara gani na daɗe zaune ban tashi ba. Ban taɓa zaton shirin barkwanci zai iya yi min haka ba.

Matsalar Blackadder a wajenmu a bayyane take. In Turancinka bai nuna ba zaka zauna ne kawai kana jin 'yan kallo na dariya kai baka san me aka ce ba, dan rabin abin wasa da kalmomi ne da dogayen kwatance, sauran rabin kuma sai ka ɗan san tarihinsu. Ko mai digiri gara ya kunna rubutun ƙasa. Kuma akwai maganganun manya da shaguɓe ga limaman coci da sarakuna, ba na zaman falo da yara bane sam. Wajen data ma ya kusa ninka Mr. Bean tunda wajen awa 12 ne.

Sai fina-finai, inda ɗan yayata ya so ya fara. Bean na 1997, Mel Smith ne darakta, Curtis da Driscoll suka rubuta. An mayar da shi maigadi a gidan adana zane-zane a Landan, shugabannin wurin sun gaji da shi sai suka tura shi Los Angeles a matsayin wai babban masani, wajen bikin karɓar wani shahararren zane da wani mai zane Whistler ya yi na mahaifiyarsa wanda a labarin aka saya dala miliyan 50. Ya yi atishawa akan zanen, ya goge da hankici mai tawada, ya sa sinadarin cire fenti fuskar matar ta narke gaba ɗaya. Wannan wurin ya yi kyau matuƙa, irin tsarin talabijin ɗin ne sak. Fim ɗin ya ci kasuwa, an kashe wajen dala miliyan 18 ya dawo da wajen miliyan 250. Amma ni gaskiya bai kai min na talabijin ba, kuma dalilin a fili yake. Mutumin da aka gina shi dan minti goma, in zaka ja shi awa ɗaya da rabi dole ka nemo masa labari, shine aka haɗa shi da wani magidanci Ba'amurke da aurensa ke tangal-tangal, aka sa shi yin jawabi, aka sa shi nadama da tausayi, sai ya zama wani mutum daban. Sun kuma maimaita tsofaffin dabaru. Dubi ledar amai a jirgin sama, a talabijin yana fasa ta sai aka yanke, kai zaka ƙarasa sauran a ranka kuma nan dariyar take, a fim kuwa sai da aka nuna maka komai a fuskar fasinja. Ga kuma wurin ƙarshe da yake ɗaga wa mutane ɗan yatsan tsakiya yana zaton gaisuwa ce, yara na gani za su ɗauka.

Mr. Bean's Holiday na 2007 ya fi dacewa da gida. Ya ci tikitin tafiya Cannes a kudancin Faransa da 'yar kamarar bidiyo, garin shirmensa ya raba wani yaro ɗan Rasha da babansa a tashar jirgin ƙasa, suka bi hanya tare ba kuɗi ba fasfo. Da yake Faransa ce kuma baya jin yaren, sai aka samu hujjar mayar da shi shiru kamar da, kuma wurin da yake kwaikwayon waƙa a kasuwa dan su samu na abinci yana cikin mafi kyawun abin da Atkinson ya yi. Amma a sani, wannan ba Curtis ne ya rubuta ba, Driscoll ne da Hamish McColl, shi yana cikin manyan furodusoshi ne kawai. Haka Johnny English da mutane ke haɗawa a ciki, ba rubutun Curtis bane.

Akwai kuma fina-finan soyayya na Curtis wanda Atkinson ke leƙowa na 'yan mintuna. A Four Weddings and a Funeral na 1994, wanda har ya shiga takarar Oscar, shine sabon limamin coci da ya rikice wajen ɗaurin aure yana ta kuskuren sunaye. A Love Actually na 2003, fim na farko da Curtis ya ba da umarni da kansa, shine mai kanti da ya ɗauki lokaci yana naɗe sarƙa a kwali yana ƙara ƙyale-ƙyale alhali mai sayen jikinsa na rawa kar matarsa ta dawo ta kama shi. Wuraren biyu sun yi daɗi, amma kar wanda ya sauke fim ɗin gaba ɗaya saboda su, na farkon da ashar ma aka buɗe shi, na biyun kuma akwai tsiraici ƙarara. Nemi guntun wurin kawai ka kalla. Wani abu da ke ƙara min ganin girman Curtis, ko da yake ba shi muke magana ba, shine bayan ya je Habasha lokacin yunwar 1985 ya dawo suka kafa ƙungiyar agaji ta Comic Relief shi da Lenny Henry, daga wani sansanin 'yan gudun hijira a Sudan aka ƙaddamar da ita ranar Kirsimetin shekarar, kuma Atkinson ya sha yi musu wasa dan tara kuɗin taimako.

Toh in gida ne da yara da tsofaffi, Mr. Bean na talabijin ba shi da na biyu, yana nan a shafinsu na YouTube, in an gama sai a ɗora da fim ɗin 2007, na 1997 ya zo daga baya in yaran sun ɗan tasa. Na katun da aka fara a 2002 shi ma yana riƙe ƙananan yara amma babba ba zai samu abin da yake nema a ciki ba, dan duk daɗin yana ga ganin mutum na gaske yana yin abin. In kuma kai kaɗai ne da wayarka kuma Turanci ya zauna maka, Blackadder daga zango na biyu.

Shi ɗan yayata abin da na ce masa shine ya sauke kashi uku kacal na Mr. Bean, na jarabawa da na likitan haƙori da na kujera, ya kalli kowanne sau uku, na ukun da takarda da biro yana rubuta mene matsalar, wace hanya aka bi, a ina aka dasa abin da ya fashe a ƙarshe, tunda bidiyonsu minti biyu ne uku kuma masu kallonsu har da waɗanda Hausar ma bata ishe su ba. Abokin nasa mai rubutu kuma nace ya nemi zango na uku na Blackadder ya ga yadda ake haɗa bara mai wayo da ubangida mara wayo a ɗaki ɗaya a samu rabin awa ana dariya ba tare da an fita ko ƙofar gida ba. Yace "Kawu fim ɗin fa?" nace ya bari sai wata ya yi an sake saka data. Shekaranjiya ya turo min hoton takardarsa, ya cika shafi biyu akan wurin jarabawar kaɗai, har ya ƙirga dabarun satar amsar ɗaya bayan ɗaya ya ja layi a ƙarƙashin wurin da aka fara nuna ambulan ɗin.